Kada Ka Taɓa Mini Ɗakina

Zuwa ga ragon mijina Muddassir,

Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya, kai da uwarka A'i da sauran yara. Ni nan Tunisiya lafiya lau. Likita ya ce gwiwar da sauƙi, ko da yake har yanzu a zaune nake sallah.

Ƙanen ubanka Lamine ya hana ni hutawa. Ya sa ni jirgin ruwa zuwa wani tsibiri, na amayar da duk abin da na ci tun Tasawa. Jiya kuma ya kai ni wani kufai a bakin teku, wai shi Kartaj. Ginshiƙai ne kakkarye, ba rufi ba ƙyaure, amma Turawa na ta ɗaukar su hoto. Na zauna bisa wani dutse in huta, mai gadi ya hura mini usur kamar kan ubansa na hau.

Ina wurin ƙanwarka Fatiha ta kira, ta ce ka kai siminti garinmu Korgom, za ka rushe ɗakina ka yi butik na saida kaya, wai ya tsufa. Kakanka ne ya kwaɓa ƙasar ginin da ƙafarsa, kuma a bayan ɗakin aka binne cibiyar ubanka da taka, marar kunya. Mutanen nan gadin kangon matattu suke, kai ko da raina za ka tada ni.

Ka rushe in ka isa. Ranar da na dawo, tsakiyar butik ɗin zan shimfiɗa tabarmata, in aje butata da fo ɗina, in ga wanda zai tsallake ni ya sayi sukari.

Allah ya shirye ka.

Kakarka,
Zubaida