Abin da Baba Ya Nuna a Allon Likita

Malumfashi, Asabar.

Zuwa ga Yaya Abdulmutallib,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Anti Mero da yara. Na kasa faɗa maka wannan a waya, murya ba za ta fita ba.

Baba ya faɗi a gona ranar Laraba yana karyar masara. Yana da rai, alhamdu lillahi, yana asibiti a Funtua.

Ka san bayan ciwon zuciyarsa likita ya gwada ƙarfinsa kafin ya bar shi ya koma gona. Ba a wahalar da mai irin ciwonsa har ya kasa. Keke ake ɗora shi, irin wanda ba ya tafiya, ana ƙara masa nauyi kaɗan-kaɗan, shi kuma yana nuna yadda yake ji a wani allo, tun daga "ba wuya" har "na kusa kasawa". Da wannan ake kintata iyakar ƙarfinsa. Maganinsa yana rage bugun zuciya, bugun ba zai nuna gajiyarsa ba, shi ya sa aka fi dogara da abin da ya nuna a allon. Likita ya ce ƙarfinsa ya dawo, muka yi ta murna.

Ranar gwajin maigidana, Baban Yasmin, shi ya raka shi, ya tsaya a kansa. Sai jiya yake gaya mini ya ga gwiwoyin Baba suna karkarwa, amma duk tambayar da aka yi masa sai ya nuna "ba wuya". Yaya, Baba zai ce ya gaji a gaban surukinsa? Shi kuma gogan naka ya sunkuyar da kai, wai ba zai ƙaryata suruki ba. Manya biyu, kunya ta kusa kashe mana uba. Na yi kuka, na yi masifa har na gode Allah.

Ƙanwarka,
Maijidda

Funtua, Alhamis.

Yaya,

Sallama da fatan alheri. Yaya su Anti?

Yau aka sake ɗora Baba a keken, ni kaɗai aka bari a ɗakin. Ba a ma ƙara nauyi ba yatsansa ya tafi can ƙasan allon, kan "na kusa kasawa", bai yarda mun haɗa ido ba. Mutumin da yake ɗaga buhun masara shi kaɗai. Likita ya ce shi da fartanya har abada.

Da muka fito ya kama hannuna, ya roƙe ni kada in gaya wa Baban Yasmin, wai kada yaron ya raina shi. Na ce to. Bai sani ba, Yaya, domin a sume yake, ranar da ya faɗi Baban Yasmin ne ya goyo shi a bayansa tun daga gona har bakin titi.

Ka zo gida. A gaida Anti da yara.

Taka,
Maijidda