Tuban Inna Dudu

Zuwa ga ƙanena Malam Mu'azu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Maijidda da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a nema. Yaya Fatakwal da ruwanta da ba ya ɗaukewa? Mu nan Bebeji sai godiya. Masara ta yi kyau bana, dawa ma ta fara kai. Gwiwata tana nan yadda ka bar ta, in ta ga dama ta bar ni in je unguwa, in ba ta ga dama ba mu wuni tare a tabarma. Na zaɓi in rubuto ne saboda duk sanda na kira ka, ina kaiwa tsakiyar magana sai ka ce sabis ya ɗauke. Takarda dai ba ta da wannan ciwon.

Maganar 'yar'uwarmu Yalwa ce da auren ɗanta Jamilu. Na san labari ya iso maka gutsi-gutsi, to bari ka ji daga bakin wadda aka yi komai a gabanta. Ka tuna yadda Yalwa ta faro: wasan kwaikwayon firamare, inda ta fito a tsohuwa da garin rogo a ka. Daga nan ta shiga ƙungiyar nan da ke yawo kasuwannin Tudun Wada da Doguwa a bayan babbar mota, suna wasa a kan rigakafi da tsaftar rijiya. Sai finafinan kaset a Kano, inda ta daɗe tana fitowa a maƙwabciya mai leƙe ta katanga. Allah bai ɗaga ta ba sai da aka ba ta Inna Dudu a shirin nan na talabijin, uwar mijin da ke ƙirga yankan nama a tukunya, ta kulle rumbu ta rataya mukulli a wuya. Da kuɗin fitowa a Inna Dudu Yalwa ta riƙe marayunta bayan rasuwar mahaifinsu, da su ta yi rufin kwano. Kuma kai shaida ne, Yalwa ko kaza ba ta iya korarwa da ƙarfi. Masu cewa wai a wurina ta kwaikwayi muryar da hararar, Allah ya isa tsakanina da su.

To, Jamilu ya ga yarinya a Kafin Maiyaƙi, inda yake da shagon taki da iri. Sunanta Bushra, mai hankali da kunya, ta sauke Alƙur'ani, tana ɗinki. Baffansa Mudi ya je neman izini, aka karɓe shi da mutunci, aka ce a ba su lokaci su yi bincike kamar yadda aka saba. Suka bincika yaro ciki da bai, ba su sami ko ƙwarzane ba. Uban yarinya har ya amince. Sai mahaifiyarsa, wata tsohuwa Iya Kulu, wadda ba a ɗaga ko tsinke a gidan sai da izininta, ta tambayi wace ce uwar yaron. Da aka faɗa mata, sai ta ce ita ta gama nata binciken tun tuni, duk mako take yinsa a gaban talabijin, kuma da ranta ba za a kai jikarta gidan Inna Dudu ba. Ta lissafo laifuffuka tiryan-tiryan: gishirin da aka zuba a miyar amarya, zanen da aka ƙona da dutsen guga, da surukai uku da aka kora. Aka ce mata ai wasa ne. Ta ce ita ba yarinya ba ce, ta san wasa ne, amma ba a iya abu haka sai da hali, labarin zuciya kuwa a tambayi fuska.

Jamilu ya daina cin abinci, ya rame sai idanu. Ka san ɗan fari ne, Yalwa ko sunansa ba ta faɗa, balle ta zauna ta lallashe shi. Sai dai in na je in tarar ta yi tagumi, ta ce mini wai yaron nan bai taɓa tuwonsa ba. Abin ya ba ni tausayi ƙwarai. Na ce ta shirya mu je tsohuwar ta gan ta ido da ido, ai gani ya kori ji.

Muka tafi da goro da turare. Yalwa ta cire takalmi tun daga zaure, ta durƙusa har ƙasa, ta gaishe ta da 'yar muryarta da sai ka kasa kunne. Iya Kulu ta dubi matan gidan, waɗanda suka cika tsakar gida suna leƙe, ta ce su gani da kyau, haka ta durƙusa sak ranar da ta je nema wa ɗanta yarinyar da ta ƙona wa zane. Yalwa ta fara hawaye. Tsohuwa ta ce wannan kukan ma ta san shi, shi ta yi a gaban alƙali. Mu'azu, duk abin da baiwar Allah ta yi na kirki sai ya zama shaida a kanta. Ni kuwa ka san ba na son raini. Na miƙe na ɗan yi bayani, ba faɗa na yi ba, murya ce kawai Allah ya ba ni. Na ce mu jikokin malamai ne, ba a taɓa korar suruka a zuriyarmu ba, na kuma ɗan nuna ta da yatsa don ta fahimta. Ina rufe baki sai tsohuwar nan ta tafa hannu, ta ce ashe abin na gida ne, ga ma babbar. A hanya Yalwa ta juya mini ƙeya, ni kuwa ban ga abin da na yi ba.

Baffa Mudi ya yi ta zarya, har limamin unguwarsu ya sa baki. Daga ƙarshe Iya Kulu ta sauko, amma da sharaɗi. Ta ce ta ji malamai na cewa laifin da aka yi a ɓoye a ɓoye ake tubarsa, wanda aka yi a bainar jama'a kuwa sai a bainar jama'a. Saboda haka in ana son Bushra, sai Inna Dudu ta tuba a cikin talabijin, inda ta yi ta'asar, ta nemi gafarar surukanta kowa yana gani. Liman ya so ya nuna mata ba nan malamai suka dosa ba, ta ce masa shi ba ya kallon shirin, don haka bai san girman abin ba.

Ni dariya na yi. Yalwa kuwa washegari ta hau motar Kano ta sami daraktan. Mutumin ya dafe kai. Ya ce mutane don su tsine wa Inna Dudu suke kunna talabijin, in ta tuba me zai yi da ita? Ya gaya mata gaskiya cewa tuba ɗaya ake yi, daga nan sai dai a ce ta koma ƙauye, a rufe babinta, kuma a shekarunta ba lallai wani ya sake kiranta ba, tunda duniya da fuska ɗaya ta san ta. Ya ce ta je ta yi shawara. Ta ce masa ta riga ta yi a mota.

Ranar da za a nuna, a gidan Iya Kulu muka kalla, an fito da talabijin tsakar gida bayan la'asar, mata har kan katanga. Na sha ganin wasan Yalwa, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Ta cire mukullin daga wuya ta ajiye a gaban surukarta, ta kasa haɗa ido da ita. Ni da na san ƙarya ce sai da na jiƙa gefen mayafina. Iya Kulu ta yi kuka har da shessheƙa, ta kamo hannun Yalwa ta ce Allah ya karɓi tuba, ta ba da Bushra duniya da lahira. Ni kuma ta ce saura ni in tuba. Na bar ta ne albarkacin furfura.

Wani abin haushi, ba a yi mako biyu ba tsohuwar nan ta aiko wai shiri ya lalace, ya zama miya ba gishiri, ko za a roƙi daraktan Inna Dudu ta ɗan koma halinta kaɗan. Aikin gama ya gama, sun riga sun sallame ta. Yanzu tana gida, wayarta shiru. A kasuwa masu tumatir da a da suke murguɗa mata baki sun koma yi mata gyara, suna yi mata barka da shiriya, ita kuma tana amsawa da amin.

An sa rana bayan an gama girbi. Shekaranjiya na je na tarar da ita a ɗakin da aka gyara wa amarya, tana ta sauya wa labule wuri. Na tambaye ta ko tana nadamar barin aikin, ta ce a'a, yaron nan ya koma cin tuwonsa. Sai ta zauna bakin gado, ta ce abin da ke hana ta sukuni daban ne: tsoron Bushra take ji. Ta ce ita uwar miji iri ɗaya ta sani, ta haddace ta tsaf, wannan ta gaskiyar kuwa babu wanda zai miƙo mata takarda ya ce ga abin da za ta faɗa, kuma in ta yi kuskure ba mai cewa a sake ɗauka. Na kama mata bakin labulen kawai muka ɗaura.

Don haka ka nemi hutu tun yanzu, ka zo da Maijidda, ita da ta iya zama da mutane ta kwana biyu wajen Yalwa. Kada ka ce mini aiki, kawun ango ba ya aiko da uzuri.

Ka gaishe mini da Maijidda da kyau, da Musaddiq da Ramla, da 'yar auta Aisha Humaira. Baffa Mudi yana gaishe ka, haka Jamilu, wanda kumatunsa suka dawo. Yalwa ta ce a gaishe ka, a kuma ce ka sa ta a addu'a. Allah ya sada mu da alheri, ya kawo ku lafiya.

Taka yayarka,
Ummulkhairi
Bebeji