Kwana Tara a Kan Ruwa

Dubai, Lahadi, 9 ga wata

Ƙanena Sabi'u,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Shekara goma sha ɗaya kana gaya wa mutane wai Yaya yana shan iska a teku. Ni da na karanta injiniyanci, shara da dafa shayi nake yi a jirgin ruwan wani Balarabe.

Saura mako guda in taso ɗaurin auren 'yata Hafsatu, muka kai baƙinsa yawon gaɓar Oman. Can famfon sanyaya inji ya tsaya. Na ce masa roba ce ta cinye, na roƙe shi ya ba ni awa biyu in gyara. Ya yi dariya, ya ce, "Kai dai kawo shayi, habibi." Kullum sai shi da baƙinsa su hau kwalekwale su tafi kallon duwatsu. Ni ba ni da bizar sauka, fasfona kuma yana jakarsa. Kwana tara ina hangen gari, sannan makaniki ya zo daga unguwar Ras Al Khor ta Dubai ya canza robar nan.

Ka gaishe da Inna, ku sa ni a addu'a. Ka tsaya wa Hafsatu waliyyi ranar Juma'a. Jirgina na Kano ya tashi tun Laraba, ba ni da kuɗin wani tikitin, ba zan ga auren 'yata ba.

Yayanka,
Lawal