Sunayen Mutanen da Ruwa Ya Rufe

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, wadda ta riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace ɗiya ta miƙa wa uwarta, ina roƙon Allah ya yalwata miki makwanci, ya sanyaya shi. Na rubuto ne domin in shaida miki abin da na daɗe ina ɓoyewa. Na zaɓi in faɗe shi a bainar jama'a, saboda ba ke kaɗai na yi wa laifin ba.

Lokacin da ruwan madatsar Bakolori ya taso wa ƙauyenmu na ƙasar Maradun, mun kwashe tukwane da azara da awaki. Makabarta kuwa ba ta kwasuwa. Kwana da kwanaki kina komawa kan tudu, kina duban tsamiyar da ke bakinta, har ruwa ya kai ga rassanta.

Tun daga nan, kowace Juma'a bayan la'asar, kikan zauna kan buzu ki kira mutanen makabartar ɗaya bayan ɗaya, sahu-sahu yadda suke kwance, daga gindin tsamiya zuwa gabas, kowa da tasa addu'ar. Kina cewa, “Tun da ba mu iya tahiya wurinsu, sai mu kira su nan.”

Da ƙarfinki ya soma ƙarewa, kika sa na ɗauko littafin rubutu. Kina faɗa ina rubutawa, har shafi goma sha huɗu. Kika dafa littafin kika ce, “Ke anka kai boko. Riƙe su.”

Bayan rasuwarki ina koyar da lissafi a Bakura, sai na tafi ƙarin karatu wata kwaleji a Talata Mafara. An wajabta wa duk ɗaliban lissafi da kimiyya darasin share fage na kwamfuta. Na'ura ɗaya ce tak, aji kuwa cike. Don haka kowa ya zana madannanta a kan kwali, muna ta danna haruffan da ba su motsi, ni da yara sa'o'in 'ya'yana.

Malamin darasin tsohon ɗalibina ne. Ni na koya masa rabawa a aji huɗu, har sau da yawa na doke shi a tafin hannu. A waje yakan rusuna ya gaishe ni. A cikin aji, ƙarshen kowane darasi, yakan dube ni ya ce, “Malama, ko akwai tambaya?” Ban taɓa cewa akwai ba. Kin san ɗiyarki.

Ranar da ya koyar da yadda ake adana aiki a cikin faifai, ina Garbadu wurin ta'aziyya. Na dawo na tarar an wuce wurin. Tambaya ɗaya za ta wadatar. Na ga ba zan yi ta a gaban yara ba.

A lokacin gara ta shiga littafinki, ta ci gefen shafuka. Na ji ana cewa na'ura ba ta mantuwa, sai na nemi a ba ni ita wata Asabar da safe, sa'ad da aka ta da janareta. Na zura faifai. A zatona kamar kaset yake, muddin yana ciki, duk abin da aka yi yana ɗauka. Da yatsu biyu na buga sunayen har azahar. Na gan su jere a fuskar na'urar, koraye, babu ko ɗaya da ya kuɓuce. Na zare faifai na sa a jaka, aka kashe janareta.

Ke kika koya mini cewa takardar da ke ɗauke da sunan Allah ba a barinta ta yage ta faɗi inda za a taka. Littafin ya fara da bisimilla, ga Abdullahi da Abdurrahman a kusan kowane shafi. Da yammacin ranar na ƙona shi da girmamawa, na binne tokar a kusurwar gida. Raina fari tas.

Mako na zagayowa na sa faifai a gaban malamin. Babu komai a ciki. Ya rage murya ya ce, “Malama, kin adana kuwa kafin ki cire?” Na ce na adana. Ƙarya na yi, Inna. Ya ɗora laifin a kan faifai, yana ta ba ni haƙuri, ni kuma na bar shi. A jarrabawar darasin ni na zo ta ɗaya.

Sahun farko na sunayen yana cikin kaina, domin danginmu ne. Na biyu na kamo rabinsa. Sauran sun watse kamar ban taɓa jin su ba. Shekaru ina kiran waɗanda na riƙe a ɗaki, ban gaya wa kowa ba, sauran kuma babu mai kira.

Da na yi ritaya na soma bin tsofaffin ƙauyenmu inda suka warwatsu, ina tambaya ƙofa-ƙofa, ni da ban iya tambaya ba. Na makara. Yawancinsu sun bi ki. Watan jiya na je Dakko wurin ƙawarki Gwaggo Hajo, ta ƙarshe a cikin sa'o'inki. Ba ta gane 'ya'yan cikinta yanzu. Na durƙusa gabanta, na ce ta tuna mini mutanen gindin tsamiya. Ta daɗe tana kallon bango, sannan ta ce, “Ladi.” Ba ta ƙara komai ba. Jikokinta ba su san wace Ladi ba ce, mai rai ko matacciya, tamu ko ta wani gari.

Na sa Ladi cikin waɗanda nake kira, Inna. In ba ta cikin sahun, addu'a ba za ta cuce ta ba.

Allah ya jiƙan ki, Innata. Allah ya jiƙan waɗanda na riƙe, da Ladi, da waɗanda na zubar, shi da bai manta sunan kowa ba. Ki yafe mini.

Ɗiyarki,
Malama Rabi