Dada da Ɓerayen Yaya Khairiyya

Basirka, ranar Laraba

Zuwa ga Yaya Khairiyya, sarauniyar ɓeraye,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da karatu da 'ya'yanki masu jela na ɗakin gwaji. Inna da Baba suna gaishe ki. Tunda wayarki ta mutu, na ba direban motar Kano wannan takarda.

Amaryata Dada ce ba lafiya. Baba ya kai ta asibiti a Birnin Kudu, aka ɗauki hoton cikinta, aka auna jini. Likita ya ce hantarta ta yi tabo. Kin san kunnen kakarmu, ita taɓo ta ji. Tun a mota take mita, wai ita da ta daina shiga fadama, a ina taɓo ya same ta? Muna isa gida ta yanke hukunci: in taɓo ne, wanke shi za a yi.

Sai ta tuno da sabarar da kika cika buhu da ita da Sallah, da bayanin da kika yi mana a tsakar gida. Wai kuna tace wani sinadari daga ganyen, mai sunan nan kamar na aljani, filabono-me-ma, ku ba ɓerayen da hantarsu ta lalace, tabon ya ragu, abin da hanta ke zubarwa a jini in ta ji ciwo shi ma ya sauka. Ta ce ɓera ba zai mori jikarta ita tana kallo ba. Ni ta aika daji. Yanzu babbar tukunya ce a kan murhu, tana sha da ƙwarya safe da yamma. Na ce mata saura jela ta fito. Ta jefe ni da muciya, ta ce miji ba cefane sai baki.

Ki rubuto mana ƙwarya nawa ɓera yake sha, mu kwatanta.

Ƙaninki, angon Dada,
Iliyasu

Birnin Kudu, ranar Asabar

Yaya Khairiyya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Amsarki ta iso, kin ce kada a ba ta ko cokali ɗaya, amma a asibiti ta same mu.

Shekaranjiya da hantsi na shiga gaishe ta. Ta dube ni ta ce, Malam Isma'ila, har ka dawo daga gona? Na zaci sabon wasa ta ƙirƙiro. Na gyara murya irin ta marigayi kakanmu, na ce a kawo mini fura. Yaya, sai ta sauko daga gado ta durƙusa mini. Dada ta durƙusa mini, kai a ƙasa, tana ba ni haƙuri wai furar ba ta damu ba. Ina ta jira ta fashe da dariya, ba ta yi ba. A lokacin na lura idonta ya yi rawaya. Ban san yadda na fita na kira Baba ba.

Likita ya ce awon jinin ya wuce na farko nesa ba kusa ba, kuma dattin da hanta ta kasa tacewa ne ya hau mata kai. Ashe ta ajiye maganin asibiti, ta ƙara wa tukunyar wasu saiwoyi da ta sayo a kasuwa. Ya ce abin da kuke ba ɓera tatacce ne, a aune, kuma aikinku bai kai kan mutum ba tukuna. Bai san ko yawan sabarar ne ko saiwoyin ba. Ni dai na san wanda ya yanko ganyen yana dariya.

Ki sa ta a addu'a.

Ƙaninki,
Iliyasu

Birnin Kudu, ranar Talata

Yaya Khairiyya,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya. Alhamdulillahi, Dada ta dawo hayyacinta, ta gane kowa. Likita ya ce tabon da ya riga ya zauna ba zai goge ba, ragowar hantar ake lallaɓawa, in ta koma wa tukunyar nan bai ba mu tabbas ba.

To tukunyar nan ce abin da ta fara tambaya. Baba ya yi magana, Inna ta roƙa, likita ya zo da kansa. Ta ce duk cikinsu ba wanda ya kai Khairiyya karatu, tana komawa Basirka za ta hura wuta.

Sai na zauna a bakin gadon na ce mata ɓerayenki sun mutu. Duka, ba saura. Ta kafe ni da ido, ta san halina. Ni kuwa hawaye ne ya zo mini, ban shirya shi ba. Sai ta ce Allah sarki yarinyar nan, duk wahalar da ta sha. Ta ce wa Inna a zubar da tsimin, a wanke tukunyar. Ta kuma ja mana kunne kada wanda ya tayar miki da zancen, kada ki ji kunya.

Na san ɓerayenki suna nan kalau. In kin zo, don Allah kada ki ƙaryata ni.

Ƙaninki,
Iliyasu