Dangar Lambun Inna

Zuwa ga ƙanena Garba a ƙasar Sudan,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, ina Hajara da yara? Yaya zafin can? Mu nan Potiskum lafiya lau, sai dai shirun gida tun rasuwar Inna.

Ranar kasuwa wani alhaji mai komawa Kano ya sauka a zaurenmu. Da ya roƙa wa Inna Aljannar Firdausi, sai ya ce kalmar Firdausi asalinta daga Farisa take, ma'anarta lambun da aka kewaye. Larabawa suka ɗauka, muka karɓa a wurinsu. Wai har Turawan nan masu mulkinmu da ita suke kiran aljanna, sun dai lanƙwasa ta.

Garba, yana tafiya na zagaya bayan gida. Ka tuna Inna ba ta zuba irin yakuwa sai mun kafa mata danga saboda awaki? Dangar ta faɗi. Na gwada tayar da ita na kasa, aikin mutum biyu ne, wani ya riƙe, wani ya ɗaure.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida mutanenmu na can. Damina ta kusa. Na yanko kara, na ajiye igiya.

Yayanka,
Musa