Abin da Ya Sa Umma Ta Daina Ɗaukar Wayarka

Zuwa ga ƙanena, autan Umma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare mana kai a inda idonmu bai kai ba, Ya sa albarka a aikinka. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har tana zagaya tsakar gida ba sanda, yara kuma sun koma makaranta.

Na zaɓi rubutu ne don bakina ba zai iya faɗa maka wannan ba. Ka sha tambayata me ya hana Umma ɗaukar kiranka, ina ce maka wayarta ce ta lalace. Wayar lafiyarta ƙalau, ni ce na ɓata lamarin. Ka tuna ka roƙe ni in buɗe tsohuwar kwamfutarka in ware maka littattafan wasan da ka sauke daga intanet tun kana ɗalibi, na dokoki gefe guda, taswirori gefe guda, in goge masu maimaici in turo maka sauran. Da na ji wasa, na ɗauka irin su lido ne. Ina buɗe na farko sai ga ƙoƙon kan mutum da kyandir a kansa. Na gaba dodo mai ido ɗaya, na gaba shafuka cike da sunayen tsafi, har da na tayar da matattu. Sai kuma wata takarda mai ɗauke da sunanka, an rubuta kai matsafi ne, ka taɓa mutuwa a wani kogo, abokinka mai kemis ya tashe ka.

Ni da nake koyar da 'ya'yan mutane cewa mai tambaya ba ya ɓata, ko shafin farko ban tsaya karantawa ba, hotuna kawai na bi. Na ɗauki kwamfutar na kai ɗakin Umma, na fassara mata takardar nan, kuma a gaban Gwaggo. Ka san bakin Gwaggo. Kafin mako ya zagayo, dangi sun gama sanin cewa auta ya shiga ƙungiyar asiri. Umma kuwa ta rage ci, in wayarka ta shigo sai ta kife ta a kan katifa ta hau addu'a.

Shekaranjiya mai kemis ya kawo maganin ƙafarta, ta amsa gaisuwarsa da ƙyar. Da ya matsa sai ya ji dalili, na nuna masa takardar. Ya fara dariya, ya dubi fuskar Umma, dariyar ta tsaya. Jiya da yamma ya dawo da takardu, da fensir, da 'yar jaka cike da 'ya'yan lido masu fuskoki barkatai, ya roƙe mu mu zauna a tabarma. Ya ce shi ne mai ba da labari, kowa ya zaɓi wanda zai zama, in ka yi niyyar wani abu sai ka jefa, lamba ta nuna ko ka dace. Gwaggo ta zaɓi mayaƙi mai gatari, ba wanda ya yi mamaki. Umma ta zama tsohuwa mai magani. Ni na zama matsafiya, kuma ban yi nisa ba na faɗa rami na mutu, don na ƙi jira a taɓa ƙasa da sanda a ga ko akwai tarko. Umma ce ta jefa ta tashe ni. Tatsuniya ce kawai da lissafi, ƙanena. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Gwaggo ta yi ta dariya, Umma kuwa ta tattara 'ya'yan lidon ta miƙa masa, ta tambaye shi ko wannan ne abin da kuke yi duk ranakun da kuke rufe ɗaki. Da ya ce shi ne, sai ta fashe da kuka. Ta ce ta haife ka, ta raine ka, amma an kawo mata mugun labarinka ta karɓa ba ta tambaye ka ba. Yanzu kunyarka take ji, ta ɗauki wayar ta ajiye ya fi a ƙirga.

Littattafan na ware su yadda ka ce, ban goge komai ba sai masu maimaici, za ka gan su gobe in Allah Ya kai mu. Na fara bin gidajen dangi ina warwarewa, ko da yake magana zarar bunu ce. Ka yafe mini, in kuma za ka yi fushi, da ni za ka yi, na cancanta. Amma don Allah ka kira Umma yau, kada ka jira ta. Kada ka tayar da zancen, ka tambaye ta ƙafa kawai, muryarka take son ji.

Kawu yana gaishe ka, haka mijina da yara. Gwaggo ta ce a gaida matsafi, na ce mata ba yanzu ba. Ka gaida abokan zamanka.

Yayarka mai neman afuwarka.